Yadda Bi-ruwa Ta Ƙetaro Igiya

Ni ne Arzika na Bagudo, wanda Kwara, babban koginmu, ta haɗiye sau biyu ta tofar. Kububuwa ta sare ni a gona ina ɗan shekara ashirin, ita ta mutu, ni na ci tuwon dare. Na ga farin da ya kashe shanu a tsaye. Ban taɓa shiga aji ba ko don fake wa ruwa, amma babu ɗan bokon da zai koya mani abin da buɗe iyaka da rufe ta ke nufi, don duka biyun a gadon bayana sunka bi.

Ubana manomin shinkafa ne a fadamar bakin Kwara. Yana da wani iri da muke ce wa bi-ruwa. Ja ce, mai kauri, ba ta da kyan gani a akushi. Amma in kogi ya ƙaru da taƙi guda, ita sai ta ƙaru da taƙi guda da 'yan yatsu, kullum kanta a sama. A cikin jirgi muke yankanta.

Sai shinkafar waje ta zo. A Kwatano ta ƙasar Dahome jiragen ruwa ke sauke ta, inda kuɗin fito bai taka kara ya karya ba, daga nan ta biyo mota ta faɗo mana. Fara sol, babu tsakuwa, mace ba ta zaman rege. Kuma ta fi tamu araha, abin da har yau ban gane ba: abu ya ƙetaro teku ya zo ya kayar da wanda anka noma a bayan gida. Ka kai buhu kasuwa da safe, ka dawo da shi da marece. Da na gaji sai na jingine fartanya na koma dako a bakin iyaka. Shekara da shekaru ina ɗaukar buhunan da sunka kashe mani gona, kuma da su na ciyar da iyalina, ba zan ɓoye alherinsu ba. Wata shekara da hatsi ya ƙare mana, munka surfe ɗan irin bi-ruwa da ya rage a rumbu munka ci. Abu guda ke nan da na yi a duniya wanda ba ni ba da labarinsa a majalisa.

Ranar da gwamnati ta rufe iyaka ta ce kowa ya ci abin da ya noma, dako ya mutu kafin azahar. Masu saye da mudu sunka koka, don tsada ta hau, manoma kuwa sunka fara gyara murya. Na koma fadama da furfurata. Anka kawo mana sabon iri, gajere, mai saurin nuna, kuma gaskiya yana zuba. Saura mako uku mu yanka sai Kwara ta fusata. Kwana biyar ruwa ya yi a kan gonata. Na shiga jirgi na je na tsaya daidai inda na san gonar take, ban ga ko tsinke ba. A nan na tuna bi-ruwa, har na ji kunyar ubana yana kabari.

Da rani na bi Lafagu, na bi Sharabi, na bi Matsinkai gida gida. Tsofaffi sun san sunanta, amma babu mai ko ƙwaya guda. Kowa irin cin da na yi wa tawa ya yi wa tasa.

Sai na tuna yayata Tasallah, wadda ke aure a Dahome, can bayan Segbana, sama da shekara hamsin. A gidanmu in ɗiya za ta tafi ɗakin miji, ana ƙulla mata ɗan iri a cikin kayanta. Na aika da tambaya, amsa ta dawo cewa bi-ruwa tana nan, Yaya ba ta taɓa fashin shuka ta ba. A lokacin an buɗe hanya ga mutane da waɗansu kaya, amma shinkafa dai haram. Ruwan fari na sauka na hau kabu-kabu na tafi.

Na iske ta a gindin rumbu tana tsinkar zogale. Ta ɗaga kai ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Auta, ka tsufa."

"Ni? Yaya, tsufa tsorona yake ji. Gaishe ni kawai yake yi daga nesa."

"Bakin dai bai tsufa ba. Zauna. Ku ne kunka rufe mana ƙofa, doyarmu ta ruɓe a bakin hanya, jikokina sunka zauna ba aiki ba sana'a, yanzu kuma ka zo roƙo?"

"Ba ni na rufe ba, Yaya."

"Yadda kake cika baki, na ɗauka da kai anka yi shawara."

Ta sa anka kawo mani fura. Sannan ta gaya mani abin da ya sanyaya mani jiki. Ta ce ƙafafunta sun daina shiga laka, jikokinta kuwa duk auduga suke nomawa, babu mai son shinkafar da sai an shiga jirgi. Bana ba za ta shuka ba. Abin da ke cikin rumbun nan shi ne ƙarshen bi-ruwa, kuma irin shinkafa in ya kwana biyu a ajiye ba ya tsirowa da kyau.

Ta fiddo shi, gauraye da toka da busasshen ganyen dogonyaro saboda ƙwari. Ya kai rabin buhu. Ta jawo wani buhu daga cikin ɗaki ta juye, ta ɗauki basilla ta ɗinke bakin tsaf kamar daga kanti. To, a ƙasarmu ta bakin iyaka, buhun shinkafar waje shi ne buhu. A ciki muke zuba gawayi, a ciki muke ajiye tufafi, da shi muke labulen makewayi. Idonmu ya daina ganin abin da ke jikinsa. Daga ni har ita babu wanda ya lura da ƙatuwar giwar da anka zana a kai, da rubutun mutanen ƙetaren teku.

"In na kai ta gida," na ce mata, "shekara uku ba ni ba kowa. Sai duk Bagudo ta zo ta durƙusa a ƙofar Arzika."

"Allah shi shirye ka, Auta," in ji ta. "Gaida gida."

Rana tsaka munka iso shinge. Igiya ce kawai anka ɗaure tsakanin durom biyu, an rataya mata tsummoki, da wata rumfar kwano inda masu kaki ke zama. Babbansu wani dogo ne, ba zai wuce sa'ar ɗana na uku ba, na ji suna kiransa Oga Zayyanu. Na sauka na sa hannu a baya ina takawa a hankali, yadda manyan mutane ke yi.

"Baba, sannu da hanya. Mene ne a buhun?"

"Iri ne, ɗana."

"Irin giwa?"

Na rumfa sunka fashe da dariya. Sai a lokacin na waiwaya na dubi buhun da ke bayan babur, giwa ta dube ni. Na ce inna lillahi a zuciyata, amma fuskata ba ta nuna ba, don ni ba a ganin faɗuwar gabana.

Ya ɗauko ƙarfen nan mai rami da suke soka wa buhu, ya soka ya zaro. Shanshera ja, shinkafa da ɓawonta, ta zubo a tafinsa tare da toka. Ya murza, ya shinshina, ya daina dariya.

"Gaskiyarka, Baba, ba ta kanti ba ce. Amma shinkafa ce, kuma daga ƙetare ta fito."

"Ɗana, wagga shinkafa a Bagudo anka haife ta. Ta girme ka, ta girmi igiyar ga, ta girmi wanda ya ɗaura ta. Rakiyar amarya ta tafi."

"Rakiyar shekara nawa?"

"Hamsin da 'yan kai."

"Ai kuwa ta zama 'yar can." Ya juye ƙwayoyin a hannuna, bai zubar da ko ɗaya a ƙasa ba. "Baba, umarnin da ke hannuna bai san ja ba bai san fara ba. Buhun shinkafa ba ya ƙetare igiyar nan. In na bar naka yau, gobe kowace mota iri ta ɗauko. Kuma don ku manoma aka yi dokar."

"To ga ta ta kama manomi."

"Ban rubuta komai ba tukuna. Muddin yana wancan gefen, buhunka ne, kana iya mayar da shi inda ka ɗauko. In ya taɓa igiya, ya zama na hukuma, ni ma ba ni da iko da shi."

Na yi masa kirarin kaina. Na gaya masa yadda na fito daga Kwara sau biyu, na nuna masa tabon kububuwa. Ya saurara da ladabi har na ƙare, ya ce Allah ya ƙara nisan kwana, ya sa anka kawo mani ruwa a moɗa. Igiya dai ba ta motsa ba.

Na ja buhuna zuwa gindin wata ɗorawa na zauna a kai. Mai kabu-kabun da ya kawo ni ya matso ya rage murya.

"Tsoho, akwai hanya ta daji. Kafin la'asar kana gida."

"In anka tare mu fa?"

"Sai mu jefar da buhu mu tsira da babur."

"Tafi abinka. Irin ubana ba ya shiga ƙasar ubana ta bayan gida kamar ɓarawo, balle a jefar da shi a rami."

Ya kaɗa kai ya ɗauki wani fasinja ya tafi. Na zauna ina kallon gabas, hadari na haɗuwa. Ruwa biyu sun riga sun sauka. In mako ya wuce ban shuka ba, ruwa ya kwanta a fadama, sai baɗi. Kuma mai shekaruna, ko da ya kai ni ƙarfi, ba ya yi wa baɗi alkawari. Tsakanina da gida igiya ce wadda akuya ke tsallakewa, amma na rasa dabara. Ni Arzika.

Wajen la'asar sai ga ayarin mata sun dawo daga cin kasuwar ƙetare, sun fi ashirin, kowace da kwano a ka. A gabansu Batulu ce mai ƙuli-ƙuli, ɗiyar goggona, taubashiyata, wadda tun muna yara ba ta taɓa ganina ta bar ni da mutuncina ba. A Sharabi take aure. Tun daga nesa ta fara.

"La ilaha! Jama'a ku zo ku ga sarkin Kwara an ɗaure shi a gindin ɗorawa! Bawana, fasa-ƙwauri ka koma da tsufanka?"

"Wuce, baiwar gidanmu. Hutawa nake."

"A kan giwa?"

Ta sauke kwanonta, ta zura yatsu ta hudar da ƙarfe ya yi, ta zaro 'yan ƙwayoyi. Ta dube su. Ta sa guda a haƙori ta fasa.

"Arzika. Wagga ta Kawu ce."

"Ita ce."

"A ina?"

"Wurin Yaya Tasallah. Kuma ita ke nan, babu saura."

Na gaya mata yadda munka yi da mai kaki. Ta gyara ɗaurin zane ta nufi rumfa. Ina jiyo su, don Batulu ba ta iya magana a hankali ba.

"Ɗana, ina wuni? Tambaya gare ni. In anka yi mani kyautar ɗan abu na ƙulle a bakin zanena, shi ma kaya ne?"

"Goggo, abin bakin zane ba kaya ba ne. Ni buhu da abin sayarwa aka aiko ni tarewa."

"Ko shinkafa ce?"

Ya dube ta, ya dubi ɗorawa inda nake, ya dubi matan.

"Tafi biyu na iri da aka ba tsohuwa kyauta ba fatauci ba ne. Amma ki ji da kyau. In kuka ƙetara kuka sake tara shi wuri guda, ya koma buhu, kuma ni da ku ne."

Ta dawo ta tsaya a gabana, ta ɗan rusuna, ta miƙo hannu biyu.

"Arzika ɗan Kawu, na roƙe ka iri."

A wurinmu iri ba a hana wanda ya roƙa, kuma ba a karɓar ko sisi a kansa. Mai hana iri, ko liman ne, an daina ganin girmansa. Na gane dabararta, raina ya yi fari. Na matsa kusa da kunnenta.

"Madalla. In mun yi nisa da shinge sai ku juye mani."

"Juye mi?" Ta faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Wa ya taɓa mayar da irin roƙo? Kuma ba ka ji abin da yaron ga ya ce ba? Ya yi mana mutunci, sai mu ci amanarsa? Wadda ta ƙulla, nata ne, gonar gidansu za ta kai."

"Batulu, rabin buhu ne fa! Ni na je, ni na ɗauko!"

"To zauna a kai har shi tsiro maka a gindi."

Mata sunka sa dariya. Ni ban yi ba. Na ga ƙofar gidana da na cika da masu durƙuso ta watse tun ba a taru ba. Na dubi hadari, ya ƙara duhu. Na ce wa raina, Arzika, ko dai ta shiga gida a hannun mutane ashirin, ko ta mutu a hannunka kai kaɗai. Na zaro 'yar wuƙata na farke ɗinkin Yaya Tasallah.

"Bisimilla. Zo ki karɓa, mayya."

Na cika mata tafi biyu. Ta ƙulle a bakin zane ta ce Allah shi jiƙan Kawu. Sai sauran sunka biyo layi, kowace ta rusuna ta faɗi kalmar, don ba a ba da iri sai an roƙa da baki. Na tambayi kowace garinsu. Ta Lafagu, ta Matsinkai, ta Sharabi, har da matan masunta na bakin kogi. Ina zubawa ina koya masu: a shuka a wuri mai zurfi inda sabon iri ba ya rayuwa, kada a sa mata takin zamani da yawa, kada a tsorata in ruwa ya rufe ta kwana guda. Waɗansu maza matafiya da ke jiran mota sunka ji, su ma sunka zo da hannu biyu, labari ya bazu har layi ya kai bakin hanya. Ban hana kowa ba. Da abin ya yi daɗi har na fara yi wa kaina kirari ina rabo, na manta da duba buhu.

"Kai, wawan Allah," in ji Batulu, "ka bar wa kanka kuwa?"

Na leƙa. Abin da ya rage a gindin buhu bai fi tafi huɗu ba. Ba ni da zane, aljihun rigata kuwa a huje yake. Na tsaya ina dube-dube. Sannan na yi abin da ban taɓa yi a bainar jama'a ba tun da na yi aure: na tuɓe hulata. Na kakkaɓe buhun a ciki har ƙwayar ƙarshe, na rungume ta a ƙirji, sanƙona a waje yana ƙyalli.

"Ashe wata ya fito da rana," in ji Batulu.

Oga Zayyanu da kansa ya taso ya sauke igiya har ƙasa. Da na zo daidai shi na tsaya.

"Ɗana, tsohonka na noma?"

"Yana yi, Baba."

"To buɗe hannu."

"A'a, Baba. In na karɓa a nan, sunanta ya canza. Allah ya ba da damina mai albarka."

Na taka igiya na wuce. Ban san ko yana wurin har yanzu ba, an ce ana yi masu canji. Duk inda yake, Allah shi tsare shi, shi ba shi 'ya'ya masu jin magana irin tasa.

Washegari da sassafe na shiga fadama. Abin da ke cikin hula bai isa a watsa ba, don haka na bi da tsinke, rami guda ƙwaya uku, a wani lungu mai zurfi inda ubana ke fara shuka. Ni kaɗai na yi, ina duƙe har rana ta take, kuma bayana bai ce uffan ba. Da ta tsiro na kewaye ta da ƙaya saboda shanu, na kafa wata doguwar gora a tsakiya don in riƙa auna ruwa.

Labari ya riƙa zo mani daga ƙauyuka cewa ta tsiro a nan, ta tsiro a can. Har na ji wai a Sharabi 'yar-Batulu suke ce mata. Na yi rantsuwa sai na kai ƙara wurin hakimi, sannan na tuna zaman da na yi a gindin ɗorawa, na bar mata. Ta ci.

Cikin watan takwas Kwara ta taso. Dare ɗaya ta shafe lungun, da safe gora kawai na gani a tsaye. Maƙwabta sunka zo yi mani jaje, na ce su mayar da jajensu gida su ajiye, zai yi masu amfani wani wuri. Amma da sunka tafi na kasa cin abinci. Shekara hamsin a wata ƙasa, wa ya sani ko ta manta halin koginmu?

Rana ta biyu babu komai. Rana ta uku na tura jirgi tun hantsi, na je na kama gorar nan na tsaya. Ruwa ja, yana tafe da kumfa da karmami. Na sunkuya na ƙura ido. Sai ga wani ɗan koren tsinke kamar allura ya huda ruwa kusa da bakin jirgi, ga wani a gefensa, ga waɗansu can gaba, lungun duka ya yi tsiri-tsiri. Na zura hannu har kafaɗa ina bin kara guda, ban taɓo gindinsa ba.

Na zauna a cikin jirgi na yi wa Allah godiya da ƙarfi, har masunta sunka juyo. Na yi wa ubana addu'a, na yi wa Yaya Tasallah, na yi wa yaron nan mai kaki, har Batulu na saka, amma ita a hankali. Sannan na juya jirgi, don in samu mai zuwa Segbana kafin motar kasuwa ta tashi, ya gaya wa Yaya cewa bi-ruwa ta iso lafiya, kuma kanta na sama.